Sabon Irin Wardi a Barandata

A barandar gidan da muke haya a unguwar Hayyin Ashir, a ƙasar wajen da nake karatu, ina da tukwanen furen wardi biyu, ja da rawaya. Wata safiya na ga wani tsiro ya fito da kansa a tukunyar rawayan. Na taɓa karanta cewa furannin dangin wardi kan yi barbara a daji su haifi sabon iri, don haka ban yi wata-wata ba na yanke hukunci: Allah ya zaɓi barandata.

Matata Hadiza ta leƙo ta ce, "Baban Amir, anya ganyen nan na wardi ne?"

Na ce, "Ke dai ji da girkinki, wannan harkar ilimi ce."

Ta ce, "Tamam, shi ke nan," ta koma ciki.

Da ya yi fure, sai ga shi rawaya, tsakiyarsa ja wur. Hujja ta cika! Na tara abokan karatuna shan shayi, na tsaya ina zuba bayani kamar mai kare digiri, suna ta "Masha Allah" suna ɗaukar hoto.

Ba a jima ba furen ya faɗi, wani abu kore mai tsini ya leƙo. Kuɓewa ce. Ashe a nan Hadiza ke shanya wadda ake aiko mata daga gida.

Ta bari suka yi yawa, ta kaɗa miya, ta gayyato mutanen nan dai. Miyar kam ta yi daɗi.

Har yau, duk wanda aka tuƙa tuwo a gidansa sai ya bugo mini waya: "Dakta, wardin ya isa tsinka?"