'Ya'yan Itacen Da Suka Buɗe Baki a Abu Hail

Ba zan taɓa mantawa ba da Larabar da 'ya'yan itace suka kwance mini zane a gaban mata shida, a hawa na huɗu, a unguwar Abu Hail ta birnin Dubai. Na tsufa, haƙoran gaba sun yi mini sallama, sai na jera sunaye uku kafin in dace da na jikan da nake kira. Amma wannan yini yana nan daram.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na sani shi ne itace. Ubana mai magani ne, tun ina 'yar ƙanƙanuwa nake bin sa daji ina riƙe masa burgami. Ko an ɗaure mini ido, a ba ni ɓawo in sansana, zan ce wannan marke ne, wannan maɗaci, wannan hano. Saboda haka da ɗan farina ya kawo ni Dubai don a duba mini gwiwa (ba na faɗin sunansa, ku dai ku sani harkar kargo yake yi, yana loda wa 'yan Kano kaya a Ras Al Khor), ba a yi wata biyu ba matan 'yan kasuwa suka gano inda nake. Mai sanyi ta zo, mai basir ta zo, mai jego ta aiko. Ko'ina ka ji ana cewa, "A tambayi Inna, Inna ta sani." A garin da ko lif ban iya dannawa ba, wannan kalma ita kaɗai ce dukiyata.

Ana nan, ana nan, zafi ya sauko, irin zafin da in ka leƙa waje sai ka ce an buɗe maka murfin tukunya. Yaron nan ya ce, "Yalla, Inna, a haɗa kaya. Za mu je duwatsun Turkiyya ku sha iska." Muka tafi, ni da shi da matarsa Zulai.

Jama'a, na ga daji a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Itatuwa ne miƙaƙƙu sambal, dogaye, ƙasansu faɗi, samansu tsini, sun tsaya sahu-sahu kamar masallata a Idi, har iyakar ganin ido. Ba su da ganye irin namu, sai wasu siraran allurai kore shar. An gaya mini sunansu, bakina ya ƙi ɗauka, ni dai na sa musu Mai-allura. Hazo yana yawo a tsakaninsu a hankali kamar garken fararen tumaki da ba makiyayi. In ka taka ƙasa ba ka jin sawunka, don busassun allurai sun yi shimfiɗa mai laushi, gansakuka ta lulluɓe duwatsu. Ga wani ƙamshi, tsakanin ƙaro da turaren wuta, wanda yake shiga har ƙoƙon kai. Gwiwar da ta hana ni sakat shekara uku, ranar ta manta da ni.

Wata mace 'yar ƙasar ce ke jagorantar mu, da manyan takalma kamar na soja. Tana magana, Zulai tana juya mini. Ta ce itatuwan ba sa yin tsirara ko da sanyi ya kai inda ya kai, kuma tsinin kansu shi ke sa dusar ƙanƙara ta zame, ba ta karya reshe. Na ce ikon Allah. Muka wuce wasu manyan kututture a kwance suna ruɓewa, itacen da zai dafa abincin biki goma, hannuna har ƙaiƙayi yake. Na ce a tambaye ta, su mutanen nan ba su da mata ne? Ta yi dariya ta ce da gangan ake barin su. Ƙwari su ci, maƙwaƙwafi ya ci ƙwarin, naman kaza ya tsiro, a ƙarshe kututturen ya koma ƙasa ya ciyar da na baya. Ta kuma ce ba a hura wuta, ba a ɗaukar komai a tafi da shi. (Wannan na ƙarshen na ji shi sarai. Ba zan yi wa kunnena sharri ba.)

Suka yi gaba, na ce su je zan huta. Na zauna a kan dutse. Iska tana bi ta can ƙololuwa tana wani irin shuuu, kamar ruwan sama yana tahowa daga garin da ba a gani. Wani kurege mai jan gashi ya tsaya ya dube ni, na dube shi. Sai na ji kamar ubana yana nan bayan wata bishiya, yana sassaƙa, zai fito yanzu ya ce in miƙo burgami. Ban san iya lokacin da na yi a haka ba.

Da na sunkuyar da kai sai na gan su. 'Ya'yan itacen ne, zube a ƙasa, jiƙe da raɓa. Kowanne bai kai tafin hannu ba, kamar ƙaramar abarba ta katako, ɓawonsa a jere a manne gam kamar na kifi. Na ce a raina, abin da ya rufe kansa haka ba ya rasa sirri. Na tsinci tara, na ƙulle a leda, na tura cikin lalita. Ubana ya hore ni cewa ba a ɗaukar kayan babbar bishiya sai an yi mata sallama an nemi izini, don ba ita kaɗai ke zaune a wurin ba. Daɗin daji ya ɗauke mini hankali, ban yi ba.

Muka dawo Dubai. Zulai ta wuce Kano wajen haihuwar ƙanwarta, yaron nan kuma tun safe yana Ras Al Khor sai magariba. Esin ɗakina, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya, aka ce mai gyara sai Laraba. Na kwance ledata, na jera 'ya'yan nan a faranti a bakin taga inda rana ke dukansu.

Kwana biyu, bayan Azahar, ina gyangyaɗi a kan darduma, sai na ji ƙas. Na buɗe ido, ba kowa. Na lumshe. Ƙas, ƙas. Na miƙe na leƙa farantin. Innalillahi! Abubuwan da na ajiye a rufe sun bubbuɗe baki, kowanne ya ninka girmansa, ɓawon ya miƙe kamar gashin bushiya. Ina tsaye ɗaya ya ƙara cewa ƙas a kan idona, wani ɗan abu mai fiffike ɗaya ya faɗo yana juyi. Nan take na tuna sallamar da ban yi ba. Na ce shi ke nan, masu dajin sun biyo kayansu har cikin jirgi.

Ban gaya wa yaron nan ba, don zai ce wa ya ce in ɗauko. Na ɗebo ruwa a kwano, na karanta abin da na iya, na tofa, na tsoma su ciki, na rufe da faifai. Bayan La'asar na ɗaga faifan. Sun rufe ruf, kamar yadda na tsince su! Na mayar da su taga. Kwana biyu suka sake buɗewa. Na sake tofi, suka sake rufewa.

To a nan ne Shaiɗan ya sami ƙofa. Tsoro ya tafi, wani abu ya zauna a gurbinsa. Na fara ji a raina cewa ashe ni ba ƙaramar mace ba ce, tunda iskokin Turkiyya ma suna jin maganata. Na kira Hajiya Rabi, wata mai sarin atamfa da mayafai wadda ta fi kowa zuwa wurina, kuma ta fi kowa baki, na kwashe labari na gaya mata.

"Inna, ki rantse!"

"Yarinya, ni sa'ar rantsuwarki ce? Ki zo Laraba ki gani da idonki."

Ba ita kaɗai ta zo ba. Su shida suka cika mini ɗaki, ana ta fifita da mayafi saboda zafi. Har da wata Hajiya Mairo 'yar Maraɗi, wadda ta zo da gorar roba a jaka. Ta ce, "Inna, in an gama a sam mini ruwan. Kwantenata ta yi wata guda a tashar jirgin ruwa, ta ƙi fita." Na gyaɗa kai a hankali, irin na manya. (Allah ya yafe mini wannan gyaɗa kan.)

Na ɗora farantin a tsakiya, na gyara zama, na fara ba su tarihi. Ina cikin bayanin yadda iskokin ƙasar sanyi suka bambanta da na tsamiya, aka ƙwanƙwasa. Mai gyaran esi ne, Bitrus, wani magidanci Kirista ɗan Jos, mai ladabi, da 'yar furfurarsa. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya kafa tsani, ya ciro ragar esin, ya tari ruwan famfo a bokiti yana wanke ta. Ruwan ya yi baƙi ƙirin da ƙura. Can idonsa ya faɗa kan farantin, fuskarsa ta washe.

"Kai! Mama, ina kika samo waɗannan? Kin tuna mini gida. Akwai gandun itatuwan nan a bayan makarantarmu, da su muke jifan juna."

Hajiya Rabi ta zabura. "Bitrus, kama bakinka! Jifa? Waɗannan da kake gani buɗewa suke da kansu, sai Inna ta yi musu tofi suke rufewa."

"Ai Hajiya, ko wane ruwa..." Sai ya dube ni, ya dubi matan, ya haɗiye sauran. "To, Mama, a yi haƙuri. Wataƙila na Turkiyya daban ne."

Kun ji ɗan halak. Ya buɗe mini ƙofar fita, ya ma riƙe mini labule. Da na yi shiru, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma ido goma sha biyu na kaina, ga kalmar nan tana yi mini kiɗa a kunne, Inna ta sani, Inna ta sani. Na ɗaga murya na ce, "Ɗan nan, ƙarasa maganarka. Ko wane ruwa, ko? Ungo ɗaya, ka gwada naka, in gwada nawa."

"Mama, don Allah a bar shi."

"Na ce ungo."

Ya karɓa da hannu biyu, ya jefa a bokitin dauɗar nan. Ni kuma na yi tofina a nutse, na tsoma nawa a kwano. Aka dafa shayi, aka zauna jira. Ban taɓa ganin sa'a mai tsawon wannan ba. Esi ya tashi, ɗaki ya yi sanyi, amma ni gumi nake. Hajiya Rabi ta kasa zama, tana leƙa kwano tana leƙa bokiti kamar mai jiran naƙuda. Can ta tsaya a kan bokitin, ta daɗe, sannan ta sa yatsu biyu ta ɗago abin yana ɗigar baƙin ruwa.

Ya rufe ruf. Nawa kuwa ko rabi bai kai ba. (Daga baya na gane ruwan famfon Dubai da zafinsa yake fitowa a wannan lokaci, shi ya sa nasa ya riga. Har a tseren ma an kayar da ni.)

Bitrus, kansa a ƙasa kamar shi ya yi laifin, ya ce, "Mama, dabarar itacen ce. Irinsa na ciki, waɗannan masu fiffiken. In da damshi sai ya rufe, don kada su jiƙe su faɗi a gindinsa inda ba rana. In an bushe sai ya buɗe, iska ta kai su nesa. Ko ya faɗo ya shekara a ƙasa, bai daina ba."

Wallahi duk da halin da nake ciki sai da maganar ta taɓa ni. Uwa ce ashe, ta rabu da reshe, ta mutu, amma ba ta bar tsaron 'ya'yanta ba. Ni kuma da na yi shekara sittin ina cewa na san itace, na dube ta na kira ta aljana.

Ina wannan tunani na hangi Hajiya Mairo tana tura gorarta ƙarƙashin mayafi a hankali. Hajiya Rabi ma ta gani. Ta toshe baki, kafaɗunta suka fara rawa, sannan ta fashe.

"Mairo, kawo gorar mana! Bitrus, habibi, cika mata daga bokiti, naka ya fi saurin aiki. Gobe kwantena ta fito, halas, an gama!"

Aka kwashe, har da masu hawaye. Na so ƙasa ta tsage, to amma a hawa na huɗu ko ta tsage ɗakin wani Ba'indiye zan faɗa. Da dariya ta lafa na gyara ɗaurin kallabi na ce, "Addu'a ba ta da laifi, 'ya'yana. Mai yin ta ce ta haɗa da son a gani. Wannan itace ban san shi ba." Tunda aka haife ni ban taɓa faɗin haka a kan itace ba. Kalmar ta fita da ƙyar kamar ƙaya.

Mako biyu ba wadda ta hawo benen nan. Na ce to, suna ya tafi. Ran nan sai ga Hajiya Rabi tana dafe da ƙugu, ta zube a kan kafet.

"Inna mai iskokin Turkiyya, bayana zai kashe ni. Me zan sha?"

Na tambaye ta inda yake mata ciwo da yadda yake yi, na gaya mata abin da na sani, na ce sauran kuma ta je asibiti, don ban sani ba. Ta dube ni ta ce, "Yanzu ma na fi yarda da ke."

Sunan dai ya bi ni, har Kano an ji. Darasin da na samu kuwa a wannan tsufa nawa, ga shi kyauta: "ban sani ba" ba ta taɓa kashe tsohuwa ba. Kuma in abu ya motsa a ɗakinki, kafin ki tara mata, ki fara tsoma shi a ruwan famfo.