Notin da Yaya Ya Ɗaure

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu ba su bushe ba, iyalan tsohon telan bakin kasuwa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, wanda duk unguwa ta sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi, a ƙofar shago, yana da shekara arba'in da ɗaya.

Asalin marigayin na yayan tela ne, bakanike, wanda ya riga mu gidan gaskiya shekara tara da suka wuce. Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba, sai wannan babur da wani sukuddireba mai ƙotar katako. Tun daga ranar tela ya rantse babu hannun da zai ƙara taɓa injin nan sai nasa. Wanda ya san tela ya san kansa kamar dutse yake.

Dattijo mai haƙuri ne. Bai taɓa tashi a bugun farko ba, amma bai taɓa wuce na uku ba. Ya kai masu naƙuda asibiti, ya sha ɗaukar keken ɗinki a bayansa ba ƙorafi. Muryarsa kuwa a natse take, dum-dum-dum, ba irin kwakwazon baburan zamani ba.

Ciwon ya soma ne da wata 'yar ƙara, kyat-kyat, can ƙasa-ƙasa. Tela ya yi yadda ya saba ganin Yaya na yi: ya ɗora bakin sukuddireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido, yana bi daga sama har ƙasa. Ya ce boris ne ya cinye, wato zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa. Kuma wallahi ya canka daidai. Ciwo ne da ake warkarwa a wuni guda.

Sai dai tsakaninsa da boris akwai wani ƙaton noti da Yaya ya ɗaure da hannunsa. Kwana uku tela na fama. Ya jiƙa shi da kananzir, ya lallaɓa shi da guduma, ya gasa shi da wuta, noti ko gezau. Mai ɗakinsa ta yi magiya a kira tsohon bakaniken ƙarshen layi, aminin Yaya, tela ya ce ɗaurin ɗan uwansa ne, shi zai kwance. A rana ta huɗu ya zura bututun ƙarfe a sifana, ya hau da duk nauyinsa. Ƙas! Kalmar Dattijo ta ƙarshe ke nan. Noti ya fita tare da kan sandar injin, wadda an daina ƙera irinta tun tuni.

Da aminin Yaya ya zo, ya daɗe yana jujjuya guntun a tafinsa, sannan ya ce, "Ƙanena, wannan ai na hagu ne. Ta inda ake kwance sauran, shi ta nan ake ɗaure shi. Kwana uku ɗaurewa kake yi."

Tun ranar tela bai zura zare a allura ba. Abin da yake ta nanatawa shi ne sau biyu ya rasa yayansa, na biyun kuma da hannunsa.

Marigayin ya bar hular kwano ɗaya, famfon iska, makulli biyu, da rabin galan na baƙin mai da bai samu ya sha ba.

Za a wanke shi ranar Asabar da safe, a lulluɓe shi da mayafin da tela ya yi alkawarin ɗinkawa, a tura shi ɗakin bayan shago. Masu sayen tsohon ƙarfe su yi wa Allah kada su zo tayi. Masu zuwa ta'aziyya a kan babur kuwa, ana roƙonku ku kashe injin tun daga bakin layi, ku turo da hannu. Duk ƙarar da tela ya ji miƙewa yake ya leƙa, kuma mun gaji da ganin fuskarsa idan ya dawo ya zauna.