Rasuwar Bokitin Ƙarƙashin Famfo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Bokitin Ƙarfe, wanda ya zauna a ƙarƙashin famfon wanke-wankenmu tun kafin a haifi wanda ya kashe shi. Ni na faɗa, babban ɗana ya rubuta da hannunsa, kuma na hana shi gyara ko kalma ɗaya, domin shi ne mai laifin.

Marigayin mai haƙuri ne, bai taɓa raina ruwa ba. Na ɗauraye kwanuka, na wanke ganye, na wankin kofi, duk ya tare. In ya cika, jika ɗaya ya ɗauka ya kai gindin lemun tsamin da kakansu ya shuka a bayan gida shekarar da ya bar duniya. Ta haka yaran gidan nan suka san ruwa ba ya mutuwa a aiki ɗaya. Ba wa'azi na yi musu ba. Nauyin bokitin ne ya koya musu, don wanda zai ɗauka ba ya barin famfo a sake.

Yana da murya. In aka ɗaga shi, mariƙinsa sai ya ce ƙiii, in aka sauke ya ce kwal. Gwiwoyina sun daina kai ni bayan gida yadda nake so, amma daga kan gadona ina gane mai ɗauka. Babbar jikata ƙiii ɗaya take yi ta wuce. Na tsakiya, malalacin mijin nan nawa, sai ya huta a hanya, kwal, kwal, kamar an aike shi wata ƙasa. Auta kuwa jansa take a ƙasa tana yi masa faɗa.

Ciwon ajalinsa ba ciwo ba ne. Ɗan yoyo ne a gindi, wanda mai walda zai liƙe kafin shayi ya huce. Ranar da aka kai ni ganin likita, ɗana ya kira mai gyaran famfo, aka sa bututu ya kwashe ruwan kai tsaye zuwa kwata, wai don a hutar da yara. Su suka ce maka sun gaji? Marigayin kuma aka miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa da ransa. Na dawo na tarar da zoben tsatsa a kan siminti, daidai inda yake zama. Matar ɗana ta goge, ta sake gogewa, zoben ya ƙi fita.

Ku ce tsufa ne in kuna so. Da rana tsaka, yara na makaranta, gida shiru, ina jin ƙiii a bayan gida. Na lallaba da sanda na leƙa, ba kowa, sai ganyen lemun a ƙasa, rawaya, ya nannaɗe. Jiya kuma na ga na tsakiya yana goge baki, famfo na zuba, ko a jikinsa. Nan na san ba bokiti kaɗai aka fitar daga gidan nan ba.

Ya rasu ya bar ni, da jikoki uku, da tsohon tsumman goge ƙasa, da lemun da ke kwance rai a hannun Allah. Daga gawarsa babu abin da ya rage sai mariƙin, wanda ya cire a ƙofar gida Auta ta tsinta ta ɓoye a jakar makarantarta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a gindin lemun. Mai zuwa ya taho da ruwan da ya riga ya yi aiki da shi, kada wanda ya kawo mini na leda ko na gora. Ba za a binne mariƙin ba, za a ɗaura shi a jikin gwangwanin fentin da ke bayan ƙofa. Sabon bokitin roba da ɗana ya sayo don rufe mini baki, ya mayar, ba shi da murya. Abin da zai zo da shi sifana ce, ya durƙusa gaban 'ya'yansa ya kwance bututun nan. In rana ta take yana nan a ɗaure, ina da guduma, kuma gwiwoyina za su kai ni.