Yadda Za Ka Sayi Injin Wanki da Kuɗin Bizar Maharazu

Idan ku shida ne a gidan haya ɗaya a unguwar Al Nahda, can ƙasar Larabawa, kuma ka gaji da wanki a bokiti, ka zo wurin gwani. Na karanta yadda ƙananan hukumomin wasu ƙasashe ke gina gada ba tare da taɓa kuɗin haraji ba: a ci bashi, kuɗin masu wucewa ya biya. Na gwada dabarar a gidanmu. Tana aiki, ko dirhami ɗaya ban yi asara ba.

1. Ka naɗa kanka hukuma. Kada ka jira zaɓe. Mai riƙe da rimot ɗin na'urar sanyi shi ne shugaba.

2. Ka kira taron jin ra'ayin jama'a, doka ta wajabta. Ka sa shi ƙarfe bakwai na safe, lokacin da kowa ke layin bas. Ka rubuta cewa babu wanda ya ƙi.

3. Ka nemi mai zuba jari. Namu Maharazu ne, mai ɗaure kaya a kasuwar Naif, wanda ya tara dirhami dubu da ɗari biyu na sabunta biza. Ka karɓi kuɗin don sayen injin, ka ba shi takarda mai hatimi: kowane wanki dirhami biyar, a zuba masa a gwangwani har kuɗinsa ya dawo. Ka rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe cewa injin ne ya ci bashin, kuma ba a taɓa kuɗin cefane.

4. Ka nuna masa hasashen ciniki. Zailani direba yana da zufa, ka ƙirga shi mutum biyu.

5. Idan korona ta zo aka kulle gari, kowa zai yi sati biyu cikin jallabiya ɗaya. Doka ta ce in ciniki ya ragu a ƙara farashi. Ka mai da shi goma sha biyar. Duk za su koma bokiti, Zailani ma don ƙeta zai daina zufa.

6. Maharazu zai same ka ido jawur. Ni dai ce mini ya yi, "Malam Ado, saura kwana ashirin bizata ta ƙare. Don Allah ko rabi." Wallahi ya ba ni tausayi. Na kai shi gaban injin, na ce su daidaita. Daga ranar ya riƙa wanke kayansa masu tsabta, ya jefa goma sha biyar a gwangwani, ya ciro, ya sake jefawa. Ka rubuta a rahoto cewa ciniki ya farfaɗo.

Gargaɗi: mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin gaba, duka ko Allah-ya-isa ba. Maharazu ya koma Gusau da aka buɗe filin jirgi. Ya so tafiya da injin, amma ya fi kilon da aka yarda masa. Masu ƙorafi su tuntuɓi injin, yana kicin, yanzu wanki kyauta ne.