Ranar Da Na Kushe Talabijin Amarya

Ko shekara nawa za a yi, ba zan taɓa mantawa da ranar jeren ɗakin amaryar ƙanena Bello ba. Ko da na so in manta, akwai mata kusan ashirin tsakanin Gummi da Anka da suka ɗauki nauyin tuna mini.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne. Malamin firamare ne ni, da 'ya'ya huɗu da ɗan tumbi daidai gwargwado. Amma lokacin da muke yara akwai wani shagon gem, wato wasan talabijin, a bayan kasuwa, inda ake wani wasan faɗa na mutum biyu, kuma a wannan shagon ba a taɓa kai ni ƙasa ba. (To, an taɓa, amma waɗanda suka gani duk sun bar gari.) Shekara ashirin da wani abu ina ba da labarin nan. Matata ta haddace shi, 'yan ajina ma haka. Ba ni da mota, ba ni da fadama, wannan sunan ne kaɗai abin taƙamata.

Ranar jere dangin amarya suka iso daga Anka da hantsi. Jagorarsu Gwaggo Balki ce, ƙanwar mahaifin amarya, wadda ta je Gusau da ƙafarta ta zaɓo wata ƙatuwar talabijin filasma, kuma duk wanda ya shigo sai ta sanar da shi hakan. Aka ce a kira ni in kafa ta a bango. Ban san komai a harkar lantarki ba, amma ni ne mai tabarau a gidanmu, shi ya sa ake ɗauka na sani.

Muka kafa ta ni da Lawali, babban abokin ango. Da za a gwada, sai ya zaro wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki girma ba, ya ce a cikinsa an zuba duk tsoffin wasannin zamaninmu. Ya jona. Sai ga wasana, da kiɗansa da komai. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Cikin matan gidanmu da suka zo karɓar baƙi akwai Asabe, 'yar kawuna, taubashiyata, mai soya kifi a bakin tasha. Ta sha jin labarin jarumtata har ya gundure ta. Ta ce a ba ta abin dannawa ɗaya ta ga sarkin da ake faɗi. Asabe ba ta taɓa riƙe abin ba a rayuwarta. Lawali ne ya juya mata shi, don a kife ta kama.

Aka fara. Na danna tsalle. Mutumina na cikin wasan ya tsaya yana nazari, sai da ya sha naushi a baki sannan ya tuna ya yi tsallen. Na danna kariya, ya kare bayan an gama dukansa. Ita kuwa Asabe danna komai take yi lokaci guda kamar mai murza ƙuli-ƙuli, ko kallon talabijin ɗin ba ta cika yi ba. Ta kai ni ƙasa sau uku a jere. Mata suka bar jeren kwanuka suka zagaye mu, wata har ta yi guɗa.

A nan ne bakina ya riga hankalina. Na ajiye abin dannawa, na gyara tabarau, na ce, "Wagga talabijin ba ta da kyau. Jabu ta."

Mata duk suka juyo suna kallona. A wurinmu kana iya kushe abincin biki, kana iya kushe angon kansa, amma ba a kushe kayan ɗaki ranar jere, balle a gaban wadda ta sayo, balle daga bakin yayan ango. Gwaggo Balki ta ajiye kwanon da ke hannunta a hankali. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa mutanenta a sauke talabijin a mayar da ita kwali, tunda dangin miji sun ce jabu aka kawo musu. Aka kira Bello daga waje. Ya tsaya bakin ƙofa yana kallona kamar zai yi kuka.

Lawali, Allah Ya saka masa, ya yi ƙoƙarin cetona. Ya bayyana cewa ba laifin wannan talabijin ba ne ita kaɗai, duk na zamani haka suke: sai sun ɗan gyaggyara hoto kafin su nuna shi, shi ya sa abin da ka danna yake makara kaɗan, su kuwa tsoffin wasannin don talabijin mai ƙusumbi aka yi su, mai nuna abu nan take. Mai hankali a nan zai ce a yi haƙuri, ashe haka suke duka, magana ta mutu. Ni sai na ji an ba ni gaskiya. Na ce kowa ya jira ni.

Na hau mashin na tafi gidan Inna, mahaifiyarmu, na tarar tana tsince shinkafa. Na cire tsohuwar talabijinta daga kan kabad. Ta tambaye ni ina za ni da ita, na ce maganar mutunci ce. Na ɗaure ta a bayan mashin da roba, na ratsa tsakiyar gari da ita, babbar rigar biki tana kaɗawa.

Aka jona wayoyin nan ja da fari da rawaya. Kuma jama'a, ina so a rubuta wannan: gaskiyata ce. Ina dannawa, mutumina yana tsalle. Na nuna wa kowa har sau biyar. Na waiga na kalli Gwaggo Balki ma, Allah Ya yafe mini.

Sai aka sake ba Asabe abin dannawa. Ta kai ni ƙasa, kuma a wannan karon ta fi sauri, don ita ma nata mutumin ya daina makara. Na ce a sake. Ta sake, tana amsa gaisuwar wata baƙuwa.

Gwaggo Balki ta matso, ta leƙa talabijin Inna gaba da baya, sannan ta tambaye ni cikin ladabi, "Malam, wagga ma jabu ta?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na durƙusa a gabanta da tumbina da tabarauna, na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, in tashi in mayar mata da filasmarta bango. Na mayar, mata suna gaya mini ta karkace hagu, ta karkace dama, na kuwa bi duk abin da suka ce. Da na mayar wa Inna tata, labari ya riga ni isa. Ta ce dai in jona mata eriya yadda na same ta.

Abin da na koya shi ne, idan Allah Ya rufa maka asiri da uzuri, ka karɓa ka yi shiru, kada ka hau mashin ka je neman shaida. Da na zauna, da har yau rabin mutanen ɗakin nan suna zargin talabijin.