Ranar da Aka Raba Mana Ilimi a Bakin Titi

Wata safiyar Talata a watan jiya na fito zan tafi aiki, wani ƙato mai usur a wuya ya tare ni a bakin layinmu, ya ce ba zan wuce ba sai na riƙe jarida. Na ce masa ai a gidan jarida nake aiki. Ya ce wannan bai shafe shi ba, umarni aka ba shi daga sama, duk wanda ya fito titi yau sai an gan shi yana karatu. Ya zura hannu cikin buhu ya danƙa mini wata ta bara, wadda daga gani an taɓa naɗe abu mai maiƙo a cikinta. Na karɓa na yi godiya, don ni mutum ne mai biyayya ga hukuma, musamman idan ta fi ni faɗin ƙirji.

Ina ɗaga kai sai na ga unguwarmu kaf ta duƙufa. Mai wankin mota yana karatu, masu jiran bas suna karatu, har mai tura baro ya shimfiɗa mujalla a kan kayansa. Maƙwabcina mai faci yana zaune kan tsohuwar taya da tabarau a ƙarshen hanci, ya buɗe wani ƙaton littafi na koyon aikin haƙori.

Na ce, "Maigida, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Lafiya lau, ɗan boko. Ilimi muke yi. An ce da yamma za mu mayar."

"Tabaran fa?"

"Shi ma nasu ne. Ba na ganin komai da shi, amma maiɗakina ta ce na yi kama da mai albashi."

Bari in warware muku. Wani babban kamfani ne, irin masu kantunan nan da ake tura keken zuba kaya a ciki sanyi na kaɗa mutum, yake neman inda zai buɗe sabon reshe. Unguwa biyu ya sa wa ido, tamu da ta ƙetaren gada. Su irin waɗannan kamfanoni ba sa kafa kanti don an yi musu fara'a. Kafin su aza bulo ɗaya sai sun san mutum nawa ne suka yi karatu a wurin, don galibi mai karatu ne ke da albashi, mai albashi ne ke cika keke, kuma cikinsu ne za a ɗebi masu zama gaban na'urar karɓar kuɗi. Sai kuma haraji: nawa ne, wa ke karɓa, kuma abin da aka faɗa yau shi za a faɗa gobe?

Labari ya kai kunnen shugaban yankinmu, Mai Girma Jagoran Ci Gaba, Allah ya ƙara wa motarsa tsawo. Mai ƙaramin tunani irina da sai ya ce a gyara makaranta. Amma gyaran makaranta shekaru yake ci, baƙin da kamfani zai turo duba unguwa kuwa Talata za su zo. Saboda haka Mai Girma ya zauna da masu ba shi shawara, suka gano cewa ilimi abu ne da ake iya ara.

Da na yi dariya na wuce, ba don Auta ba. Auta ƙanwata ce, aikin akanta ta karanta, ta gama da sakamako mai kyau, tun daga nan kuma sakamakon yake kwance cikin akwati ƙarƙashin zannuwa. Ita da mijinta da 'ya'yansu biyu suna haya a gidan da ke jikin na Innarmu, katanga ɗaya ce tsakani, har an cire bulo biyu a jikinta don miƙa kwano. Mijin gyaran firij yake yi, kuma duk firij mai rai a ƙetaren gada yake. Ya daɗe yana cewa su koma can. Auta ce ke riƙe shi, saboda Inna ƙafa ta fara yi mata nauyi, kuma ba ta iya cin abinci in ba jikokin nan sun zauna suna sa mata hannu a ciki ba. A ƙarshe suka yi yarjejeniya: in kanti ya zo unguwarmu ta samu aiki, sun zauna. In bai zo ba, sun tashi.

Shi ya sa da mai usur ya zo ranar Litinin yana neman duk mai takardar babbar makaranta, Inna da kanta ta tura ta.

Auta ta ce, "Inna, ƙarya fa za su sa mu yi."

Inna ta ce, "Karatun naki ƙarya ne? Je ki tsaya inda aka ce. Ni da na yi boko ai da tuni ina gaban layi."

Ni ba a gayyace ni ba. An ce ilimina ya cika surutu.

Abin da ya faru a gaba daga bakin Auta na ji. Da aka tara masu takardun unguwarmu gaba ɗaya, bas ɗaya suka shiga, har da kujerun da za a ɗora kaya. Mai Girma bai karaya ba. Dabarar ita ce bas ɗin ta riƙa bin lunguna tana riga baƙi isa duk inda za su tsaya, ta zube masu ilimi su bazu kamar masu harkar gabansu, baƙi na wucewa a kwashe su a yi gaba. A cikin mota ake sauya kwat da mayafi. A tsayawar farko Auta mai ba da magani ce a kemis, da farar riga. A ta biyu ma'aikaciyar banki ce mai tsallaka titi da jaka, sau uku ta tsallaka kafin baƙin su waiwayo. Wani ɗan ajinsu ya zama lauya da likita cikin abin da bai kai shan ruwa ba, har ya manta ya tsaya gaban kotun da babu da abin awon ƙirji a wuya.

Tsayawa ta ƙarshe a idona aka yi, don na fasa zuwa aiki, na bi jama'a zuwa filin da za a ba kamfani. Nan na tarar da ƙanwata sanye da hular kwano ta injiniyoyi, tana nuna wata bishiya da biro.

Jagorar baƙin wata 'yar siririyar mata ce mai takalmi maras dunduniya, ba ta da yawan magana. Ta sauko daga mota, ta dubi Auta, ta sake dubanta.

Ta ce, "Baiwar Allah, ba ke ce kika sayar mini da maganin ciwon kai ɗazu ba?"

Auta ta ce, "Ni ce, ranki ya daɗe."

"Yanzu kuma gini kike aunawa?"

"A unguwar nan karatu ba ya mana wuya."

Matar ba ta yi dariya ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce, "Tsakani da Allah, me kika karanta?"

Auta ta cire hular, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta ce, "Akanta. Aiki nake nema, wallahi. Mahaifiyata tana nan layi na biyu."

"A ina kika yi sakandare?"

"Ƙetaren gada."

Matar ta juya ga sauran injiniyoyin ta yi musu tambayar. Ƙetaren gada. Ƙetaren gada. Wani ya ce shi tun firamare ma can aka kai shi. Sai ta dubi Mai Girma cikin ladabi ta ce tana so ta ga makarantar unguwar nan.

Mai Girma ya buɗe hannuwa biyu, fuska cike da annuri, ya ce, "Madalla da wannan tambaya. Ai a kanta kike tsaye."

Gaskiya ya faɗa. Filin makarantarmu ne, inda na fara koyon baƙi da wasali. Azuzuwan suna nan daga gefe, an rufe su da ƙaton ƙyalle mai hoton Mai Girma yana murmushi, don rufinsu iska ta tafi da shi tun ina saurayi. Ya ce kyauta ya ba kamfani filin, har ya sa an rushe katangar gaba don manyan motoci su ji daɗin shiga.

Matar ta ce, "Yaran fa?"

Ya ce, "Kada wannan ya dame ki, ba su da yawa. Tunda rufin ya tafi yawancinsu suka daina zuwa. Allah ne ya sauƙaƙa mana."

Jama'a suka tafa. Ni ma na so in tafa, jarida ce ta cika mini hannu.

Daga nan ya shiga babin haraji. Ya ce saboda ƙaunar da yake wa masu zuba jari, kamfani ba zai biya ko sisi ba har sai ya gaji da riba. Yana tsaka da wannan alkawari sai direban baƙin ya taho yana haki. Muka waiwaya, sai ga motarsu an yi mata zobe. Wani ya sa wa tayar gaba sarƙa, kuɗin ajiye mota. Wani yana auna sunan kamfani da ke jikin ƙofa da igiya, wai allon talla ne. Akwai na rediyon cikin mota, akwai na ƙurar da suka tayar da shigowarsu. Na ƙarshen da aka tambaye shi nasa na mene ne, ya duba rasit ɗinsa da kyau ya ce, "Da sauransu."

Mai Girma ya ce, "Kai, ku tashi daga nan, baƙina ne!"

Mai sarƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba a ƙarƙashinka nake ba."

Mai igiya ya ce shi ma haka. Ashe kowanne da ofishin da ya turo shi, kuma ofisoshin ba sa ga maciji da juna. Mai Girma ya juya ga matar ya bayyana mata cewa waɗannan ba haraji ba ne, kuɗin shiga ne, akwai bambanci. Ta ce ta gane. Ta ce a ƙetaren gada harajinsu ya fi na nan tsada nesa ba kusa ba, amma taga ɗaya ake zuwa, sau ɗaya a shekara, kuma mutumin da ke bayan tagar bai taɓa biyo ta da igiya ba. Kafin ta shiga mota ta karɓi lambar wayar Auta.

To, jama'a, a nan zan ajiye wasa kaɗan, don abin yana ci mini rai. Ba Mai Girma kaɗai nake jin haushi ba, shi aikinsa yake yi yadda ya iya, iyakar iyawar tasa ke nan. Mu nake jin haushi. Rufin makaranta ya tashi muna kallo. Masu hali suka kwashe 'ya'yansu suka haye gada, marasa hali suka ce sai haƙuri, ba wanda ya tara ko mutum goma ya je ya tsaya ƙofar wani ofis. Masu rasit suka yi ta hayayyafa, kullum da sabon launi, muna biya muna zaginsu a zuci. Ranar da aka ce mu riƙe littafin aro mu zauna kan taya, muka riƙe, muka gyara zama, har muna tambaya ko za a ba da ruwan sha. Sannan mu koma gida muna cewa an tsane mu, duk abin arziki ƙetaren gada ake kai wa. Ba wanda ya tsane mu. Lissafi suka yi, suka ga unguwar da ba ta iya riƙe rufin aji ba, ba za ta cika musu keke ba.

Na faɗa wa mai faci haka da yamma yana mayar da tabarau. Ya ce, "Ɗan boko, kai dai zafin kai gare ka. Ni fa yau na ƙaru. Ka san haƙoran babba sun fi na yaro yawa?"

Bayan kwanaki sanarwa ta fito, kanti ya tafi ƙetaren gada. Ofishin Mai Girma ya taya al'umma murnar cewa a gasar jawo masu zuba jari unguwarmu ta zo ta biyu.

Matar nan kuwa ta kira Auta, aka gwada ta, ta ci, za ta fara aiki da zarar an buɗe. Ranar da ta kawo labarin Inna ta yi mata addu'a doguwa, ta shafa, sannan ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki ta fara ninke kayan jikokinta ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka yi musu kaɗan. Auta ta tsaya bakin ƙofa tana cewa ai ba nisa, gada ce kawai. Inna ta ce ta sani. Can ta ɗago ta tambaye ni, "Kai mai rubutu, kantin nan ba a iya matso da shi ko kaɗan?" Na ce ba a iyawa, Inna. Ta ce to, ta ci gaba da ninki. Ranar Asabar ɗin da ta biyo suka tashi.

Kada ku ce filin makarantar ya tafi a banza, Mai Girma ba ya barin albarka ta lalace. Tunda katanga ta riga ta faɗi, an mai da wurin tashar motocin da ke kai mutanenmu ƙetaren gada, wasu aiki, wasu makaranta, wasu kallon yadda gini ke tashi. Can nake raka Inna duk ƙarshen mako, tana dogara sanda, da ƙunshin abin da ta dafa wa jikoki a hannuna. A bakin shiga akwai mai rasit, kowane fasinja sai ya biya, tsofaffi ma ba ragi. A jawabinsa na baya-bayan nan Mai Girma ya ce tunda aka kafa makarantar nan ba ta taɓa kawo wa unguwa kuɗin shiga kamar bana ba, kuma yana fatan masu cewa ba ya kishin ilimi sun ji kunya.