Kwamandan Sama da Jirgin Bayan Rumfar Zeinabou

Agege ta yi sa'ar manyan mutane, amma ba ta taɓa samun irin Alhaji Ɗanbaba Mai Ƙiraga ba. Sana'arsa fatun shanu, iliminsa kuwa na sararin samaniya. Idan jirgi ya taso daga filin jirgin Ikeja, shi kaɗai ne a unguwarmu zai ɗaga yatsa, ya lumshe ido, ya faɗa maka ƙirar jirgin da ƙasar da aka ƙera shi, har da ko matuƙin ya karya kumallo. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, domin babu wanda ya taɓa bin jirgin ya tambaya. Mu muka raɗa masa Kwamandan Sama da wasa. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu, ya sa aka rubuta a gilashin bayan motarsa.

Ta waya ilimin ya sauko masa. Yana zaune a kwata yana jiran a gama fiɗa, sai ya ci karo da bidiyon wasu Turawa suna tona gona suna zaƙulo ɓaraguzan jirgin da ya faɗo a Yaƙin Duniya na Biyu, har suka nemo jikokin matuƙin aka yi ta kuka ana ɗaukar hoto. Kafin la'asar Alhaji ya zama masani.

"Jama'a, ku yi tunani," in ji shi a majalisarmu. "Ga Ikeja nan, ko tari ka yi sai an ji. Jiragen yaƙi sun sauka a can, sun tashi. To wanda ya kuskure Ikeja ina zai faɗa? Agege! A kan tarihi muke yawo da silifa ba mu sani ba."

Muka ce wallahi haka ne. A take aka kafa Ƙungiyar Binciken Jiragen Yaƙi da Matuƙansu, Reshen Agege. Har yau ba mu san inda uwar ƙungiyar take ba. Kowa ya samu muƙami, abin da ya hana kowa tambaya ke nan. Mato mahauci ya zama Daraktan Tono. Alu mai okada aka ba shi Hulɗa da Ƙasashen Waje, saboda ya taɓa ɗaukar wani ɗan Sin zuwa Ojota. Ni mai ba ku labari, kada in ɓoye, ni ne Mataimakin Kwamanda, kuma har hula na ɗinka.

Alhaji ya sayo na'urar gano ƙarfe. Kaico, ba a gaya wa na'urar ina za a kawo ta ba. Ta yi kuka a kan murfin lemo, ta yi a kan ƙusa, ta yi a kan haƙorin Makka na Mato. Kwamanda ya ce alama ce jirgin ya tarwatse ko'ina. Amma inda ta yi ihu kamar za ta shiɗe shi ne bayan rumfar Zeinabou 'yar Maraɗi, mai tuwon da duk muke ci, wadda da tukwanen tuwon nan take riƙe da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta.

"Alhaji, don Allah ku rufa mini asiri," ta ce. "Wurin nan ba na tono ba ne. Ku bari in gaya muku abin da ke..."

"Zeinabou, tarihi ba miyar kuka ba ne da za ki sa mana baki. Wani bawan Allah yana kwance a ƙarƙashin murhunki, danginsa na jiransa a Ingila. Gobe Turawa za su yi layi a nan suna cin tuwonki da cokali."

Shi wannan bawan Allah, ranar farko sunansa Laftanar Jemis. Da aka fara tono ya zama Kyaftin. Kafin ramin ya kai ƙugu an ƙara masa girma zuwa Manjo, ya kuma samu budurwa mai jiransa a bakin taga. Alu har ƙwalla ya yi mata.

Sai diga ta tono ƙashi.

Nan fa nake jin kunyarmu. Rabinmu mahauta ne. Mato tun yana yaro yake sara ƙashin saniya. Ko cikin barci aka miƙa masa zai gaya maka na ƙafar baya ne. Amma Kwamanda ya ɗaga shi sama, ya ce, "Ga cinyar Manjo! Turawan da ba irin na yanzu ba ne, ƙarti ne." Mato ya dube ni, na dubi Mato. Kowa ya tuna muƙaminsa. Muka ƙame muka sara wa ƙashin saniya.

Can kuma wani wari ya fara tasowa. Alhaji ya sunkuya, ya shaƙa har cikin ransa, ya miƙe yana murmushi.

"Man jirgi. Haka yake idan ya tsufa. Daraktan Tono, ƙara ƙarfi, mun kai tanki!"

Mu ma muka shaƙa, muka gyaɗa kai irin na waɗanda suka saba da tsohon man jirgi. Mato ya ɗaga diga ya sauke. Tankin ya buɗe. Tsohuwar salgar gidan hayan da ke maƙwabtaka ce, mai murfin ƙarfe, kuma ta daɗe tana neman hanyar fita. Kwamanda, da yake shugaba ne, shi ne a gaba. Farar shaddarsa ta karɓi tarihi tun daga wuya.

Duba-gari suka zo suka rufe rumfar. Zeinabou ba ta yi kuka ba. Ta sa muka cike ramin da hannunmu, ta ɗora mana tukwanenta a ka har bakin titi, tana biye da mu tana kiran kowa da muƙaminsa. Ta koma Ojota, inda aka ce ciniki ya fi karɓarta. Mu muka koma cin tuwon da ko almakashi ba ya yanka shi.

Alhaji bai karaya ba. Ya ce binciken ya tabbatar da cewa jirgin ya nutse ƙasa fiye da yadda aka zata, kuma manyan masana ma sukan gamu da irin wannan.

Lallai kuwa sunansa ya shiga tarihi. Kwandastocin danfo, motocin hayar garin, ba sa barin abu ya wuce a banza. Yanzu idan mota ta doso kwanar layinmu, sai ka ji yaron mota ya leƙo yana ƙwala ihu da Yarbanci, "Salanga Alaji! Salanga Alaji!" Wato Salgar Alhaji, sabon sunan tashar, wanda har 'yan makaranta sun sani. Mu 'yan ƙungiya kuwa, sai mu sunkuyar da kai, a wuce da mu tasha ta gaba, mu dawo gida a ƙafa.